Ku Tambayi Mai Awo: Tudu da Kwari, Wa Ke Sama da Wa?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a teburina wannan watan kamar an haɗa baki aka rubuto su, don kusan duka a kan tudu da kwari suke: tsayin ƙauye, gangaren gona, hanyar da ruwa ke bi. Abin ya yi mini daɗi, domin a wannan fanni na ƙare ƙuruciyata. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin safiyo, na'urar awo a kafaɗa, littafi a aljihu, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Na zaɓi wasiƙu shida, na rage tsawon wasu don fili ya ishe mu.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne. Malaminmu ya ce kowa ya kawo tsayin ƙauyensu daga fuskar teku. Wata manhaja a wayata ta ce mita 612, wata ta ce 641, a intanet kuma na ga 625. Wanne ne gaskiya? Kuma yaya ake auna mu da teku alhali ba ma kusa da shi?

Amsa: Ɗana, babu wadda ta yi maka ƙarya da gangan, kuma babu wadda zan rantse a kanta. Bari mu fara da tekun.

Teku ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana cika yana janyewa. Saboda haka sai a kafa ma'auni a wata tashar jiragen ruwa, a yi shekaru ana rubuta inda ruwan ya kai, a fitar da matsakaici, a ce wannan shi ne sifili. Ingila ta ɗauki nata sifilin a wani ƙaramin gari mai suna Newlyn, daga awon da aka yi tsakanin 1915 da 1921. Daga wannan sifili masu awo ke takowa cikin ƙasa da ƙafa. A kafa na'ura a tsakiya, mutum ɗaya ya riƙe sanda mai lambobi a baya, wani ya riƙe a gaba, a karanta bambancin, a rubuta, a matsa. Kowane zango da wuya ya wuce mita 100. Haka ake jan tsayi kamar igiya har ɗaruruwan kilomitoci, ana barin alama a hanya: ƙusar tagulla a jikin gada, ko ɗan ginshiƙin siminti mai lamba. Idan akwai irinsa a ƙauyenku, ka hana yara tumɓuke shi. Gumin mutane ne a wurin.

Sifilin wata ƙasa kuma ba lallai ya dace da na maƙwabciyarta ba. A 2003 ana gina gada a kan kogin Rayin, a garin Laufenburg, tsakanin Jamus da Siwizalan. Jamus na ƙirga tsayi daga Tekun Arewa, Siwizalan daga Bahar Rum, kuma tsakanin sifilin biyu akwai santimita 27. Injiniyoyin sun san da haka, amma wajen lissafi aka juya gyaran, aka ƙara inda ya kamata a rage. Sai kuskuren ya ninka ya zama santimita 54, dole aka gyara kafin a haɗa gadar. Ko tsaunin Ebarest, an daɗe ana saɓani a kan tsayinsa, wasu na ƙirgawa har da ƙanƙarar da ke samansa, wasu na tsayawa a kan dutsen. Sai a Disamba 2020 Nepal da Sin suka amince da mita 8,848.86.

Yanzu wayarka. Lambobin nan uku, mai yiwuwa ta hanyoyi uku dabam suka fito. Ta farko GPS ce, wato saƙon taurarin ɗan'adam. GPS ta fi iya faɗa maka inda kake fiye da yadda ka ɗaga, domin taurarin duk a samanka suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashinka da zai daidaita lissafin. Bayan haka, ita tana auna ka ne da wata siffa ta lissafi mai santsi kamar ƙwai, alhali ainihin fuskar teku tana da ɗan tudu da kwari saboda ƙarfin jan ƙasa ba ɗaya ba ne ko'ina. Kudu da Indiya tana ƙasa da waccan siffa da kimanin mita 100. Wata manhajar tana yin wannan gyara, wata ba ta yi, kuma wannan kaɗai kan kawo bambancin mita 20 ko 30.

Lambar da ka gani a intanet kuwa, da yawa irinta daga aikin kumbon Endeavour na hukumar NASA suke. A Fabrairun 2000 ya yi kwana 11 yana auna doron ƙasa da na'urar rada. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin mita 30 a tsawo da faɗi, aka ba kowanne lamba ɗaya. Inda bishiyoyi suka yi duhu ko gidaje suka cunkushe, radar kan dawo daga saman ganye da rufi, ba daga ƙasa ba. Hanya ta uku ita ce ma'aunin matsin iska da ke cikin wasu wayoyi. Dabarar tsohuwa ce: a 1648 masanin nan na Faransa, Pascal, ya sa mijin 'yar'uwarsa ya hau dutsen Puy de Dôme da bututun zaiba, zaibar ta sauka kimanin inci uku kafin ya kai sama. Kusa da fuskar teku, kowane hawan mita 8 na rage matsin iska da miliba ɗaya (miliba ma'aunin matsin iska ne). Matsalar ita ce iska na canza matsinta ko kana zaune. Canjin miliba 3 tsakanin hantsi da la'asar ya isa ya sa waya ta ce ka hau kusan mita 25, kai kuwa ko tashi ba ka yi ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ka riƙe: ƙauye ba ɗigo ɗaya ba ne. Bakin rafi da bayan makaranta suna iya bambanta da mita 15 ko fiye. Ka rubuta wa malaminka cewa ƙauyenku na wajen mita 620 zuwa 630, ka faɗi inda ka tsaya da abin da ka yi awo da shi. Da ni ne malamin, wannan amsar zan fi ba maki, sama da ta wanda ya kawo lamba guda har da ɗigo.

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wani ƙauye da ke kan tudu, iyalina kuma suna babban gari a ƙasa, tafiyar kilomita 20. An ce tudun ya ɗara garin da mita 350. Da rana ƙauyen ya fi sanyi, wannan na gane. Amma da asuba, idan motarmu ta gangara kwarin da ke tsakani, sanyin wurin ya fi na kan tudun. Me ya kawo haka? Kuma gaskiya ne girki ya fi daɗewa a kan tudu?

Amsa: Malama, kin lura da abin da mutane da yawa ke wucewa ba su kula ba. Rana ba iska take fara dumamawa ba, ƙasa take gasawa, ƙasar kuma ta dumama iskar da ke kanta. Iska idan ta tashi sama matsi na raguwa, sai ta buɗe, ta huce. A matsakaici, kowane hawan mita 1,000 na rage zafi da kimanin digiri 6.5. Mita 350 ɗinki ke nan sun ba ki digiri biyu da 'yan kai. A takarda kamar ba komai, amma a cikin aji mai rufin kwano da tsakar rana jiki ya san bambancin. Idan kina son ganin abin da girmansa, dubi Makka da Ɗa'ifa. Tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba, amma Makka ba ta kai mita 300 daga fuskar teku ba, Ɗa'ifa kuwa ta haura 1,800. Wannan tazarar ta kai digiri 10, shi ya sa tun zamanin da mutanen Makka ke hawa can idan zafi ya tsananta, kuma inabi da rumman ke yi a can.

Da dare lissafin juyewa yake yi. Idan sama ta yi garau babu gajimare, kuma iska ta kwanta, ƙasa na sakin zafin da ta sha da sauri. Iskar da ke taɓa ta sai ta yi sanyi, iska mai sanyi kuma ta fi nauyi. Sai ta riƙa malalowa daga jikin tudu a hankali, kamar ruwa, ta taru a kwari ta kwanta har gari ya waye. Hazon da kike gani ya cika kwarin da asuba, saman tudun kuma fes, shi ne shaidarta. Na sha kwana a tanti a irin wannan wuri, kuma tun shekarun farko na koyi cewa ba a kafa zango a gindin kwari, sai a ɗan haura jikin gangare. Masu lambu a ƙasashen da ake ƙanƙara sun san wannan sarai, ba sa dasa itatuwa masu saurin fure a ƙasan kwari. Da zarar rana ta ɗaga ta gasa kwarin, tsarin rana ya dawo.

Batun girki gaskiya ne, amma ba a tsayinki ba. A fuskar teku ruwa na tafasa a digiri 100, kuma kowane hawan kimanin mita 300 na rage digiri ɗaya. A birnin La Paz na Bolibiya, mai tsayin kusan mita 3,600, ruwa na tafasa a wajen digiri 88, don haka abinci na daɗewa sosai kafin ya nuna. Ke bambancinki digiri ɗaya ne kacal. Idan tukunyarki na jinkiri a ƙauyen, ki fara zargin iskar kan tudu da ke kwashe wuta daga gindin tukunya. Ki kare murhun ta ɓangaren da iskar ke fitowa, ki gani.

Tambaya: Mahaifiyarmu ta tsufa, za ta koma wurin yayanmu a wani ƙauyen dutse mai tsayin kimanin mita 900. Duk sanda ta je sai ta riƙa haki. An ce iskar shaƙa ce ta yi ƙaranci a can.

Amsa: 'Yata, Allah Ya ƙara wa Mama lafiya. Ciwon da tsayi ke jawowa, mai ciwon kai da jiri da tashin zuciya, yawanci sai an haura mita 2,500 ake fara ganinsa. Miliyoyin mutane na zaune a Adis Ababa, sama da mita 2,300, suna harkokinsu. A mita 900 mai lafiya ba ya jin komai idan yana zaune. Abin da na fi zato shi ne gangaren ƙauyen: wadda ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, yanzu ko zuwa maƙwabta hawa ne. Amma haki a jikin tsohuwa ba abin da za a ɗora wa dutse a yi shiru ba ne, sau da yawa hawa tona abin da ke ɓoye yake yi. Ku kai ta likita ya duba zuciya da huhu da jininta kafin ta tare, ku kuma nema mata ɗaki a inda ba sai ta yi hawa ba.

Tambaya: Ni direba ne. Daga gari ana hango ƙauyen da nake kai kaya a kan dutse, a taswira kilomita 5 ne a miƙe, amma hanyar mota ta kai 9, masu tafiya a ƙafa kuma sai sun yi awa biyu da rabi. Kuma a rabin hanya sabis na waya ɗaukewa yake yi. Hawan wai mita 450 ne.

Amsa: Malam direba, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mota mai kaya ba ta son hawan da ya wuce mita 7 ko 8 a kowace mita 100. Raba 450 da wannan, za ka ga ana bukatar aƙalla kilomita 6 na hawa zalla, ban da kewaye kwazazzabai da neman inda za a tsallake rafi. Lanƙwasar da ke ba ka haushi ita ke ceton injinka wajen hawa, da birkinka wajen saukowa. Ina roƙonka ka riƙa saukowa da ƙaramin giya, kada ka dogara da birki kaɗai, don idan ya yi zafi sakinka yake yi.

Masu ƙafa kuwa, akwai ƙa'idar da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Kilomita 9 sun ci awa ɗaya da minti 48, hawan mita 450 ya ƙara minti 45. Ka ga awa biyu da rabi ta fito daidai, kuma wannan ga wanda bai ɗauki kaya ba ne. Ina so masu tsara wurin gina asibiti da makaranta su riƙa yin wannan lissafi, domin a taswira ƙauyuka biyu kan yi kama da maƙwabta, mai naƙuda kuwa ta san ba haka ba ne.

Sabis na waya kusan a miƙe yake tafiya kamar haske, dutse na tare shi. Mutum a tsaye a fili yana hango kusan kilomita 5, daga kan tudu mai mita 100 kuma wajen kilomita 36. Shi ya sa ƙauyen sama ke samu duk da nisansa, kai da ke cikin kwari kusa da gari ka rasa.

Tambaya: Gonata a jikin gangare take. Kowace damina ruwa na yanka ta, bana har ya buɗe rami ya kai gwiwa. Taki ma tafiya yake yi. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka faɗa ba, amma ina zaton kunyoyinka daga sama zuwa ƙasa suke kallo, don haka ya fi sauƙin huɗa. Idan haka ne, kowace kunya magudana ce ka gina wa ruwa. Abu biyu ke ba ruwa ƙarfi, tsananin gangare da tsawonsa. Na farko ba ka da iko a kansa, na biyu kuwa kana iya datsa shi gunduwa-gunduwa.

Ka sami sanduna biyu masu tsawo ɗaya, kamar mita biyu, ka ɗaure kawunansu, ka ware ƙafafun, ka gicciya ta uku a tsakiya. Ka rataya igiya da dutse daga sama. Ka tsayar da abin a ƙasa, ka yi alama inda igiyar ta taɓa sandar gicciye, sannan ka juya shi, kowace ƙafa ta koma gurbin 'yar'uwarta, ka sake yin alama. Tsakiyar alamomin biyu ita ce daidai. Daga nan ka bi gonar a gicciye, kana matsar da ƙafa ɗaya sama ko ƙasa har igiyar ta zauna a kan alamar, kana kafa turke. Layin turakun zai fito a karkace, kada ka miƙar da shi, karkacewar ita ce daidai. A kansa za ka jera duwatsu ko ka dasa jema, kunyoyi kuma su bi shi. Manoman yankin Yatenga a Burkina Faso sun farfaɗo da gonakin da suka zama fako da irin wannan jerin duwatsu tun shekarun 1980. Ka fara daga saman gona, ba daga bakin ramin ba. Idan kuma ruwan daga gonar wanda ke samanka yake zubowa, to sai ka je ku zauna, don aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Tambaya: Ni ne shugaban kwamitin ruwa na ƙauyenmu. Mun tara kuɗi, an haƙa mana rijiyar burtsatse a ƙasan gari kusa da fadama. Mai aikin ya ce a kafa tanki nan kusa da ita a kan ƙarfe mai tsayin mita 6, a ja bututu zuwa unguwanni uku. Unguwa ɗaya tana ɗan tudu, amma a ido ba wani tudu ba ne. Mu amince?

Amsa: Ranka ya daɗe, kada ku sa hannu tukuna. Kalmar nan taka, "a ido", ita ta sa na ajiye wasiƙarka a ƙarshe don in ba ta fili.

Ina da shekara takwas a aiki aka tambaye ni irin wannan a wani ƙauye da muka yada zango. Na'urata tana cikin akwati, awon ba zai ci mini rabin yini ba. Na tsaya a gindin rijiyar na dubi unguwar sama, na ce ruwa zai kai. Bayan shekara biyu na sake bi ta wurin, na tarar da famfuna huɗu a unguwar, ko ɗigo ba su taɓa zubarwa ba. Da na auna, unguwar ta ɗara ƙasar da aka kafa tankin da mita 11, tankin kuma a kan mita 6 yake. Matan unguwar sun ba da kuɗinsu kamar kowa, kuma ga su nan suna gangarowa da bokiti kamar da. Wata tsohuwa ta gane ni, ta gaishe ni da mutunci, ba ta ce komai ba. Har yau abin yana zuciyata, kuma tun ranar ban sake yanke hukuncin tsayi da ido ba.

Ido ba ya ganin gangare mai sauƙi. Hawan mita 2 a cikin mita 100 kamar shimfiɗa yake, amma a tsawon mita 500 ya zama mita 10, ya fi gidan bene mai hawa biyu. Ruwa kuma ba ya hawa sama da inda ya fito. Ko famfo na ƙasa da tanki, sai da rata mai kyau zai zubo da ƙarfi, domin kowace mita 10 ta tsayi ce ke ba da matsi na "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, gogayya a cikin dogon bututu kuma tana cin wani abu daga ciki, musamman idan bututun siriri ne. Ni ina so gindin tanki ya ɗara famfo mafi tsayi da aƙalla mita 5, a dogon layi ma fiye da haka.

Ga yadda za ku auna da kanku. Ku sami farin tiyo wanda ake ganin cikinsa, irin na magina, mai tsawon mita 20 ko fiye, da sanduna biyu da aka yi wa alamar santimita daga ƙasa. Ku cika tiyon da ruwa, ku fitar da duk kumfar iska, don kumfa ɗaya na ɓata awo. Mutum ɗaya ya tsaya a gindin rijiya da sandarsa da bakin tiyo, ɗaya ya yi gaba wajen unguwar. Idan ruwan ya natsu, kowa ya karanta inda ya tsaya a jikin sandarsa. Idan na baya ya karanta 140, na gaba 95, an hau santimita 45. A rubuta, a kafa turke inda na gaba ya tsaya, na baya ya zo kan turken, na gaba ya ƙara gaba. Idan an kai unguwar a tara lambobin, hawa a ƙara, gangara a rage. Sannan ku sake aunawa kuna dawowa. Jimillar zuwa da ta dawowa dole su yi kusan daidai, in ba haka ba an yi kuskure, a sake. Kada ku yi wannan awon da waya, kun ga abin da na faɗa wa ɗalibin can. Kuskuren mita 10 a tsayin ƙauye daga teku ba ya cutar da kowa, amma a tsakanin tanki da famfo shi ne bambancin ruwa da babu.

Idan awo ya nuna unguwar ta yi tsayi, mafita ita ce a kai tankin kan tudun, injin da ke cikin rijiyar ya tura ruwa can, daga nan ya gangaro wa kowa. Za a ƙara bututu, kuma sai mai aikin ya tabbatar injin da ya zaɓa zai iya tura ruwa wannan tsayi, amma wataƙila ƙarfen tankin ya rage tsawo. Idan wani ya ba ku shawarar injin da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa, ku sani ba ya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai girmansa, domin matsin iska ne ke ɗago ruwan, a kan tudu ma abin raguwa yake yi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa. Rijiyarku na ƙasan gari, kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yawanci inda na sama ya nufa shi ma yake nufa, sai dai a hankali. Duk salgar da ke sama da rijiyar, wajenta take tsiyaya. Kada a bar salga ko turken dabbobi ko juji a cikin mita 30 daga rijiyar, musamman ta ɓangaren tudu. A zuba siminti kewaye da bakinta, a ɗaga shi sama da inda ruwan fadama ke kaiwa a shekarar da aka fi ambaliya. Tsofaffin garin sun san wurin, ku tambaye su su nuna muku a jikin bishiya ko bango. Idan kun gama awon, ku aiko mini da lambobin zuwa da na dawowa, da tsawon layin da kaurin bututun, in duba muku kafin ku biya mai aikin.